Tattara Cibiyoyin Rarraba Kaya a Ƙasar Amurka: Ribar Abin da Hasararsa

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce a yi bayanin wata matsala da ta daɗe tana ci wa masu sana'ar isar da saƙo tuwo a ƙwarya, watau ko wanne ya fi arha: a tara aikin tantance wasiƙu da ƙunshin kaya a manyan gidaje 'yan kaɗan, ko kuwa a bar shi a warwatse cikin ƙananan gidaje masu yawa kusa da jama'a. An ɗauki ƙasar Amurka domin ta zama abin misali saboda dalilai biyu. Na farko, ƙasa ce mai faɗin gaske, inda nisa ke nuna kansa sarai a cikin lissafin kuɗi. Na biyu kuwa, an sha gwada tattarawar a can, kamfanoni sun yi, hukuma ta yi, kuma masu bin diddigi sun fito da sakamakon fili.

Akwai kalmomi uku da za su riƙa fitowa, ya kamata a san abin da ake nufi da su tun daga nan. "Matattara" ita ce babban gida inda kayan garuruwa da yawa ke haɗuwa, a ware su bisa ga inda kowanne ya nufa, a sake yi musu lodi. "Gidan rabo" shi ne ƙaramin gida inda masu raba saƙo ke ɗaukar kayan unguwanninsu su kai ƙofa-ƙofa. "Tattarawa" kuwa ita ce a rufe wasu daga cikin waɗannan gidaje, ko a rage musu aiki, a mayar da aikin ga wani gida mafi girma. Abin da za a nuna a nan shi ne, tattarawa takan rage wani kashi na kuɗi da gaske, amma wani kashi mai yawa ba ya ɓacewa, wuri kawai yake sakewa: ya tashi daga kan gini ya koma kan hanya, ko ya tashi daga littafin akanta ya koma wuyan mai jiran saƙo.

Hikimar matattara

Duk wanda ya taɓa zama a tasha yana jiran mota ta cika ya riga ya san rabin wannan zance. Direba ba ya son tashi da kujeru a wofi, domin man da zai sha da ladan yaronsa ɗaya ne, ko da fasinja uku ne ko goma sha takwas. Cikar mota ita ke sa kuɗin kowa ya sauka, amma wanda ya zo tun da sassafe shi ya biya wannan sauƙi da zaman jira. Haka abin yake ga jirgin sama ko babbar mota mai dakon kaya. Tambayar ita ce yadda za a cika su alhali kayan da ke tafiya daga wani gari zuwa wani gari takamaimai ba su taka kara sun karya ba.

Amsar da ta fi shahara ita ce ta Frederick Smith, wanda ya kafa kamfanin Federal Express, wanda yanzu ake kira FedEx. A daren 17 ga Afrilu, 1973, kamfanin ya fara aiki da ƙananan jirage 14, suka ɗauki ƙunshi 186 zuwa birane 25. Kowane jirgi yakan ɗauko kayan birninsa da maraice ya kawo birnin Memfis na jihar Tenesi, a sauke, a tantance cikin tsakar dare, sa'an nan kowane jirgi ya koma gida da kayan da aka aiko wa birninsa kafin gari ya waye. In an duba lissafin sai a ga dalilin. Da za a haɗa kowane birni cikin 25 ɗin nan da kowane ɗan'uwansa kai tsaye, sai an buɗe hanyoyi 300, kuma mafi yawansu jirgi zai riƙa tashi ne da ƙunshi ɗaya ko biyu, ko ma babu. Da matattara guda kuwa, hanyoyin ba su wuce 25 ba, kuma kowane jirgi yana ɗauke da kayan dukan sauran birane a lokaci guda. An zaɓi Memfis ne domin tana kusa da tsakiyar ƙasar, kuma ba kasafai yanayi ke sa a rufe filin jirginta ba.

To amma a lura, tun a wannan misali na farko tsadar tana nan a ɓoye. Ƙunshin da aka aika daga wani birni zuwa maƙwabcinsa, wanda mota za ta iya kai shi cikin sa'a biyu, shi ma sai ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomita zuwa Memfis ya dawo. Kamfanin ya iya ɗaukar wannan ɓarna ne domin abin da yake sayarwa shi ne sauri da tabbaci, kuma yana cajin kuɗi mai tsoka a kansu. Duk da haka sai da ya shafe fiye da shekara biyu yana tafka hasara kafin ya fara ganin riba, kuma bai miƙe sosai ba sai bayan 1977, lokacin da aka sassauta dokar dakon kaya ta sama ya sami damar sayen manyan jirage. Wani abin lura kuma shi ne, da kaya suka yawaita kamfanin bai ci gaba da cusa komai a Memfis ba. Ya buɗe wasu matattarai a Newark da Oakland, a 1988 kuma ya buɗe babbar matattara ta biyu a Indianapolis. Ashe ke nan wanda ya fi kowa cin moriyar tattarawa shi ne kuma ya fara gane cewa tana da iyaka.

Inda kuɗi ke raguwa da inda suke ƙaruwa

Abin da ake tsimi a kansa in an tattara a fili yake, shi ya sa yake da saurin shiga zuciyar shugabanni. Kowane gida da aka rufe an huta da hayarsa ko gyaransa, da wutarsa, da masu gadinsa, da manajansa. Na'urorin tantancewa masu tsada ne ƙwarai, kuma ba sa biyan kuɗinsu sai suna aiki sa'o'i masu yawa kowace rana. Ƙaramin gida ba shi da kayan da zai ciyar da su. Har ila yau, yawan kaya a ƙaramin gida yakan yi tsalle, yau ya cika gobe ya yi ƙasa, dole a riƙe ma'aikatan da za su iya da ranar cikowa ko da sauran ranakun za su zauna hannu rabbana. In an haɗa kayan garuruwa da yawa, ƙarancin wannan yakan cike yawan wancan, sai aikin ya daidaita.

Kuɗin da ke ƙaruwa kuwa ba sa taruwa wuri guda inda ido zai gan su. Akwai kuɗin dako: ƙarin kilomita, ƙarin man gas, ƙarin direbobi. A nan wasiƙa da ƙunshi sun sha bamban. Mota guda tana iya ɗaukar dubban ɗaruruwan wasiƙu, saboda haka ƙarin nisa ba ya ƙara wa kowace wasiƙa wani abin a zo a gani. Kwali kuwa wuri yake ci. Mota takan cika da kwalaye tun ba ta yi nauyi ba, don haka kowace kilomita tana da tsada a kan kowane kwali. In kuma gidajen rabo aka tattara, to mai raba saƙo zai fara yininsa da doguwar tafiya kafin ya kai ƙofar farko, ya kuma ƙare da irinta, kuma duk wannan lokaci ana biyansa ba tare da ya miƙa wa kowa komai ba.

Akwai kuma tsadar lokaci. Tun da kaya za su yi tafiya mai nisa kafin a tantance su, dole ɗaya daga cikin biyu ya faru: ko a rufe karɓar saƙo da wuri, ko a ƙara kwana a kan alkawarin isarwa. Sa'an nan akwai haɗarin tara ƙwai a kwando guda. A watan Fabrairu na 2021 wani matsanancin sanyi da ƙanƙara suka sauka a kudancin Amurka, aikin matattarar Memfis ya gurgunce na kwanaki, kuma FedEx ya ƙiyasta cewa mugun yanayin wannan lokaci ya rage masa riba da kimanin dala miliyan 350. Irin wannan hasara ba ta fitowa a takardar da aka lissafa tsimi a kanta, domin ba kowace shekara take zuwa ba, amma in ta zo takan lamushe tsimin shekaru.

In aka haɗa waɗannan duka, sai a ga cewa yayin da ake rage yawan gidaje jimillar kuɗi takan fara sauka, ta kai wani matsayi, sa'an nan ta juya ta fara hawa. Wahalar ita ce wannan matsayi ba a kafe yake ba. Farashin mai ya tashi, ya matsa. Albashi ya ƙaru, ya matsa. Kaya suka yawaita ko suka ragu, ya sake matsawa. Gini kuwa in an yi shi an yi shi ke nan, shekara talatin ko arba'in.

Gidan Wayar Amurka: gwaji na farko

Babu inda wannan matsala ta fi fitowa fili kamar a Hukumar Gidan Waya ta Amurka. Tun daga 1971 an mayar da ita hukuma mai cin gashin kanta, wadda za ta riƙa biyan kuɗin aikinta daga cinikin kan sarki da ladan dako. Amma doka ta ɗora mata nauyin da babu kamfanin da ke ɗauke da shi: ta kai saƙo kowane adireshi a ƙasar, fiye da miliyan 160, kwana shida a mako, kuma kuɗin kan sarkin wasiƙa ɗaya ne ko maƙwabci aka aika wa ko mutumin da ke can ƙuryar Alaska. Kimanin kashi uku cikin huɗu na abin da take kashewa yana tafiya ne ga albashi da haƙƙoƙin ma'aikata.

Wasiƙun aji na ɗaya, waɗanda su ne ƙashin bayan ribarta, sun kai ƙololuwa a 2001, inda suka haura biliyan 103. Da intanet ta kankama sai suka yi ta raguwa, har a 2023 suka koma kimanin biliyan 46, ƙasa da rabi ke nan. Adiresoshi kuwa ƙaruwa suke yi da kusan miliyan guda ko fiye kowace shekara. Watau ƙofofi suna yawaita, abin da ake kai musu yana raguwa. A ɗaya ɓangaren ciniki ta intanet ya sa ƙunshin kaya ya yawaita, alhali gidajen hukumar an gina su ne domin wasiƙa. Ya kamata a ƙara da cewa ba duk hasarar da hukumar ta yi ta bayyanawa a waɗannan shekaru ce ta fito daga aiki ba. Wata doka ta 2006 ta tilasta mata ajiye kimanin dala biliyan 5.5 kowace shekara domin lafiyar waɗanda za su yi ritaya nan gaba, kuma ba a soke wannan ba sai a 2022. Amma jan alƙaluma a littafi, ko daga ina suka fito, sukan ba mai son rufe gida hujja.

A watan Satumba na 2011 hukumar ta ba da sanarwar cewa za ta duba yiwuwar rufe kimanin 250 daga cikin gidajen tantancewa 487 da take da su. Tsakanin 2012 da 2013 aka tattara 141, hukumar ta ce hakan na tsimin dala miliyan 865 a shekara. Zagaye na biyu, mai gidaje 82, an shirya shi ne domin 2015, kuma a nan ne darasin yake. A da, wasiƙar da aka jefa a akwati da yamma domin wani a cikin gari ɗaya takan isa washegari. Domin a cika wannan alkawari sai na'urori su yi aiki na 'yan sa'o'i cikin dare, su wuni a kashe, shi ya sa ake buƙatar na'urori da gidaje da yawa. A watan Janairu na 2015 aka soke wannan alkawari na kwana ɗaya ga wasiƙun mutane, domin na'urori kaɗan su riƙa aiki kusan dare da rana. A takarda lissafin ya yi kyau matuƙa.

A aikace kuwa sai wasiƙu suka yi ta makara, ƙorafi ya yi yawa, har kafin tsakiyar shekarar aka dakatar da sauran rufe-rufen. Ofishin Babban Sufeto, wanda shi ke bin diddigin ayyukan hukumar, ya duba lissafin daga baya, ya tarar cewa daga cikin tsimin fiye da dala miliyan 800 da aka yi alkawari a shekara, abin da aka iya tabbatarwa bai wuce kashi ɗaya cikin goma ba, kuma kuɗin dako ya zarce abin da aka tsara. Dalilin ba boyayye ba ne. Rufe gida ba ya korar ma'aikaci mai yarjejeniyar da ta hana sallama. Canja masa wurin aiki kawai ake yi. Aikin da ya ruɗe kuwa da kuɗin ƙarin lokaci da motocin gaggawa ake warware shi. Jama'a dai sun rasa wasiƙar kwana ɗaya, ba ta kuma dawo ba, kuɗin da aka ce za a samu a madadinta kuma ba su zo ba. An sayar da kare an sayi biri, tsugunne bai ƙare ba.

Gwaji na biyu

A watan Maris na 2021 shugaban hukumar na lokacin, Louis DeJoy, wanda ya fito daga sana'ar dakon kaya ta 'yan kasuwa, ya fito da wani shiri na shekara goma. Ya ce in ba a yi komai ba hukumar za ta yi hasarar dala biliyan 160 cikin wannan lokaci. Maganin da ya kawo shi ne a kashe dala biliyan 40 wajen sabunta kayan aiki, a gina manyan matattarai kimanin 60 masu na'urorin zamani na tantance kwalaye, a mayar da sauran gidajen tantancewa ƙanana, a kuma tara masu raba saƙo na gidajen waya da yawa a manyan gidajen rabo. Haka kuma a rage dogara ga jirgin sama a koma mota, wanda ya sa daga watan Oktoba na 2021 wasu wasiƙun aji na ɗaya suka koma kwana biyar maimakon uku.

Ba daidai ba ne a ce hujjar DeJoy ba ta da tushe. Tsohon tsarin tarkace ne da aka yi ta ɗorawa shekara da shekaru: a birni guda sai a sami gidaje da yawa, wannan na wasiƙa, wancan na kwali, wancan na mujallu, motoci suna ta zirga-zirga a tsakaninsu ba su ko kai rabin cika ba. Hukumar da ke son ta yi gasa da FedEx da UPS a dakon kwalaye ba za ta iya da irin wannan tsari ba. Kuma lalle kuɗin dakonta ya ragu da fiye da dala biliyan ɗaya a shekarar kuɗi ta 2024, akasari saboda barin jirgin sama. Matsalar ta taso ne wajen aiwatarwa, da kuma wajen abin da aka ƙi sanyawa a lissafi.

Matattara ta farko ta fara aiki a yankin Richmond na jihar Bajiniya a watan Yuli na 2023. Babban Sufeto ya duba ta bayan 'yan watanni, ya ba da rahoton cewa isar da saƙo ya tabarbare, an kashe ƙarin kuɗi a kan ma'aikata da motocin da ba a tsara ba, kuma babu tabbacin za a sami tsimin da aka yi hasashe. Duk da haka aka ci gaba. A watan Fabrairu na 2024 aka buɗe wata ƙatuwar matattara a garin Palmetto, kudu da birnin Atlanta na jihar Jojiya, aka kwaso aikin gidaje da yawa da ma'aikatansu aka zuba mata kusan a lokaci guda. Manyan motoci suka yi dogon layi a ƙofa na sa'o'i suna jiran saukewa, kaya suka cushe a ciki. Cikin 'yan makonni wasiƙun da ke isa kan lokaci a yankin suka faɗo zuwa kashi 36 cikin ɗari. A cikin waɗannan saƙonni akwai magunguna, da takardun kuɗi, da takardun kotu, da ƙuri'un zaɓe, domin a Amurka mutane da yawa ta gidan waya suke karɓar magani, ta nan kuma suke jefa ƙuri'a. Wanda aka ci tararsa saboda kuɗin hayarsa sun makara a hanya ya biya wani kashi na farashin wannan matattara, ko da yake babu littafin da aka rubuta sunansa a ciki.

Misalin da ya fi nuna yadda taswira ke yaudarar mai lissafi shi ne na birnin Reno a jihar Nebada. An shirya a mayar da tantance wasiƙun Reno zuwa Sacramento a jihar Kalifoniya, tafiyar kimanin kilomita 210, domin a yi tsimin dala miliyan 3 zuwa 4 a shekara. Ma'anar wannan ita ce wasiƙar da mutumin Reno ya aika wa maƙwabcinsa sai ta ƙetare jiha ta dawo. Tsakanin biranen biyu kuwa akwai tsaunukan Sierra Nevada, kuma hanyar tana bi ta wata mashiga mai tsayi da dusar ƙanƙara kan sa a rufe ta a lokacin sanyi. Jihar Nebada kuma tana aika wa masu zaɓe ƙuri'unsu ta gidan waya. Gwamnan jihar da 'yan majalisarta, na jam'iyyu biyun duka, suka yi ca a kan shirin, har a watan Agusta na 2024 hukumar ta janye, ta ce wasiƙun cikin gida za su ci gaba da zama a Reno.

Tun kafin nan, a watan Mayu na 2024, matsin lambar Majalisar Dattawa ya sa DeJoy ya yarda a dakatar da irin waɗannan ƙaure-ƙaure na gidaje kusan 60 har zuwa Janairun 2025. A wasiƙar da ya rubuta ya ce tsimin da za a jinkirta ya kai dala miliyan 133 zuwa 177 a shekara. Adadin yana da girma a kunne, amma in aka auna shi da abin da hukumar ta kashe a wannan shekara, kusan dala biliyan 90, bai wuce dala biyu a cikin kowace dubu ba. A kan dala biyun nan ne aka tayar da hankalin jihohi da dama. Shirin da aka ce zai sa kuɗin shiga da na fita su daidaita cikin shekara biyu ko uku kuwa, an wayi gari hukumar ta yi hasarar dala biliyan 6.5 a 2023 da biliyan 9.5 a 2024, ko da yake wani kashi babba na wannan ya fito ne daga hauhawar farashi da lissafin fansho da diyyar ma'aikata, waɗanda ba su da alaƙa da yawan gidaje. DeJoy ya ajiye aiki a watan Maris na 2025.

Bambancin ɗan kasuwa da hukuma

Kamfanonin su ma suna tattarawa, har ma fiye da hukuma. FedEx ya yi shekaru fiye da ashirin yana tafiyar da reshen sama da reshen ƙasa dabam-dabam, kowanne da gidajensa da motocinsa, har takan faru motoci biyu na kamfani ɗaya su tsaya a ƙofa ɗaya a rana ɗaya. A watan Yuni na 2024 ya haɗe su suka zama kamfani guda, yana sa ran tsimin dala biliyan 2 a shekara daga haɗa gidajen. Wannan ita ce tattarawa mafi sauƙin karewa, domin abin da ake cirewa maimaici ne tsantsa, ba a ƙara wa ƙunshi nisa ba. UPS kuwa ya ba da sanarwa a 2024 cewa zai rufe gidaje kimanin 200 kafin 2028, ya mayar da aikinsu ga manya masu sarrafa kansu da na'ura. A farkon 2025 ya ce zai rage kayan Amazon da yake ɗauka da fiye da rabi, domin ribarsu ba ta da yawa, sa'an nan a watan Afrilu ya sanar da rufe gine-gine 73 da rage ma'aikata 20,000.

A wannan mataki na UPS ne bambancin ya fito. Ɗan kasuwa yana iya zaɓen kayan da zai ɗauka tukuna, sa'an nan ya yanka gidajensa daidai da su. In ƙauye ya yi masa nisa sai ya ɗora ƙarin kuɗi a kan mai aikawa, kuma kamfanonin biyu suna da irin wannan caji na musamman domin wurare masu nisa. Shekaru da dama ma sun riƙa miƙa wa gidan waya ƙananan kwalaye ya ƙarasa musu zuwa ƙofa. Watau a wajen ɗan kasuwa tsadar nisa tana bayyana a rasiɗi, mai aikawa ya gani ya zaɓa. Hukuma ba ta da ikon ƙin kowa, ba ta kuma iya ƙara wa mutumin ƙauye kuɗin kan sarki. Abin da ya rage a hannunta da za ta iya taɓawa shi ne lokaci. Saboda haka duk sa'ad da ta tattara, mutumin nesa yakan biya da kwanaki, kuma ba a tambaye shi ba.

Hukumar da doka ta ɗora wa sa ido a kan harkokin gidan waya ta taɓo wannan a ra'ayin da ta bayar a ƙarshen Janairun 2025. Gidan waya ya gabatar mata da shirin da ya ce zai yi tsimin dala biliyan 3.6 zuwa 3.7 a shekara, wanda ya haɗa da daina zuwa kwasar saƙo da yamma daga duk gidan wayar da ya fi mil 50, watau kimanin kilomita 80, nisa daga matattara. Sai dai motar safe da ta kawo saƙo ta tafi da na jiya. Masu sa idon suka ce tsimin, ko da an same shi duka, kimanin kashi 4 ne cikin ɗari na kuɗin aikin hukumar, suka ce an gina lissafin bisa zato mai yawa, kuma an raina illar da zai yi wa mutanen karkara. Ra'ayin nasu shawara ce kawai, doka ba ta tilasta a bi ta ba. An fara aiki da sababbin ƙa'idodin a ranar 1 ga Afrilu, 2025, aka ƙarasa a ranar 1 ga Yuli, inda wasiƙar da aka jefa a gidan wayar da ya wuce mil 50 ɗin nan take kwana a wurin kafin ta kama hanya.